Yadda za ka sayar da tsohuwar Marsandi mai canjin inji a Abuja

Tsohuwar Marsandi da ta kai shekara 30 ko 40 tana yawo a titunanmu, da wuya ka same ta da injin da ta baro Jamus da shi. V-boot, wato W124, an ƙera ta ne daga 1984 zuwa tsakiyar shekarun 1990, ita kuwa babbar yayarta W126, wadda ake kira Concord, daga 1979 zuwa 1991. Bodin waɗannan motoci ya fi injinansu tsawon rai, shi ya sa da yawa suka bi ta hannun makanikan Apo aka ɗora musu wani inji. Wannan ba abin kunya ba ne. Abin da ke karya kuɗin irin wannan mota ranar sayarwa shi ne mai ita ya kasa faɗin wane inji ne a ciki, daga ina ya zo, wa ya ɗora shi, kuma ina takardarsa. Wanda ya iya amsa tambayoyin nan huɗu da takarda a hannu, shi ke yanka wa motarsa kuɗi. Wanda ya kasa, dillalai ne za su yanka masa.

Fara sanin abin da kake sayarwa

Buɗe bonet da rana, ka ɗauki tsumma da ɗan fetur, ka nemo lambobi biyu. Ta farko lambar shasi, mai harafi da lamba 17, tana buge a jikin ƙarfen bodi kuma tana kan farantin kamfani. A motocin da aka yi wa kasuwar Turai tana farawa da WDB, sai lambobi shida da ke faɗin asalin motar: 124023 na nufin 230E, 124030 na nufin 300E, 126037 kuma 500SEL ce. Rubutun da ke manne a bayan but ba shaida ba ne, kowa yana iya sayen tambarin 300E a kasuwar Gudu ya liƙa wa 200. Lambar shasi ce mai saye na ƙwarai zai duba.

Ta biyu lambar inji, a jikin bulok. Injinan Marsandi suna fara lambarsu da sunan zuriyarsu: 102 mai silinda huɗu, 103 mai shida, 104 mai shida mai bawul 24, 117 kuma V8 na manyan Concord. Na gas, wato dizal, galibi suna farawa da 601, 602, 603 ko 606. In lambar shasi ta ce 300E kuma inji ya fara da 103, to ko an canza shi an mayar mata da irin nata ne, kuma wannan shi ne canjin da ya fi kowanne sauƙin sayarwa. In 230E ce aka ɗora mata 103 ko 104, har yanzu ɗan gida ne, sai dai akwai bayanin da za ka yi a kan giyabos da wayoyi. In kuwa injin Toyota ne, kamar 1UZ, V8 mai lita 4 da ya fara fitowa a Lexus LS400 a 1989, ko 2JZ mai silinda shida da lita 3, to ka shiga wata kasuwa dabam da masu saye dabam.

Ka rubuta duk wannan a takarda ɗaya: shekarar mota, asalin samfurinta, injin da ke ciki yanzu, giyabos ɗin da aka haɗa shi da shi, shekarar da aka yi aikin, da garejin da ya yi. In tsohon injin yana nan a bayan gida an rufe shi da leda, kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Ko da ya buga, akwai mai sayen da zai ƙara kuɗi saboda shi.

Takardu, kafin fenti da wanki

Mutane suna fara kai mota wurin mai fenti su bar takardu sai mai saye ya zo. A juye ya kamata a yi. Fenti kwana kaɗan ne, gyaran takarda kuwa yana iya cin makonni, kuma mai saye ba ya jira.

Ka tara takardar kwastan ta shigowar motar, takardar mallaka, lasisin mota, takardar ingancin hawa titi, inshora, da takardar rajistar 'yan sanda ta CMR. Inshorar da doka ta wajabta wa motar gida naira 15,000 ce tun farkon 2023, kuma mai saye yana iya duba ingancinta a rumbun bayanan inshora na NIID daga wayarsa, don haka in ta bogi ce aka taɓa yi maka a bakin titi, yanzu ne lokacin yin ta gaske. Motar da ta shigo a shekarun 1990 ta wuce hannu huɗu ko biyar, sau da yawa takardar kwastan ta ɓace a hanya. In taka ta ɓace, ka faɗa tun farko, ka nuna jerin takardun canjin mallaka da kake da su. Kada ka yarda wani ya ce zai "haɗa" maka sabuwa.

Sai babbar magana: lambar injin da ke cikin takardunka ita ce ta tsohon injin, wanda ke cikin motar kuwa wata lamba ce da shi. A shingen 'yan sanda a hanyar Keffi ko ta Kaduna, wannan saɓani kaɗai ya isa a ajiye mota a gefe a fara tambayar daga ina inji ya fito, domin injinan motocin sata a kasuwar kayan gyara suke ƙarewa. Maganinsa shi ne rasit ɗin sayen injin mai ɗauke da lambarsa da sunan shagon, da takardar rantsuwa daga kotu cewa kai ka canza shi, sannan ka je ofishin VIO da ke Mabushi da motar kanta su duba, a shigar da sabuwar lambar a rajista. In motar rajistar wata jiha gare ta, Filato ko Nasarawa ko Kaduna, ka tambayi ofishin lasisin jihar yadda suke nasu.

In rasit ya ɓace, koma wurin wanda ya sayar maka da injin, a Apo ne, ko Zuba, ko Gudu. 'Yan kasuwar injina da yawa suna ajiye littafin rasit na shekaru, kuma in sun san ka za su sake rubuta maka. In a haka ka sayi motar ba ka san inda injin ya fito ba, sai ka nemi wanda ya sayar maka, in bai samu ba ka rubuta gaskiyar haka a takardar rantsuwa. Ni a ganina mota mai canjin inji ba ta cancanci a sa ta a kasuwa ba sai lambar da ke jikin bulok ta yi daidai da ta takarda. Wahalar da ka ƙi sha a Mabushi, wanda ya amince maka ya ba ka kuɗinsa ne zai sha ta a bakin hanya da iyalinsa a cikin mota.

Gyaran da ke dawo da kuɗinsa

Mai saye da ya san mota ba ƙyallin fenti zai fara kallo ba, ɗakin inji zai leƙa, domin a nan ake gane ko aikin na gwani ne ko na a-samu-a-tashi. Wuraren da canjin inji ke barin rauni sanannu ne, kuma gara kai ka fara gano su.

Zafi shi ne na ɗaya. Lagireton da aka yi wa silinda huɗu ba ya ɗaukar V8, musamman a watan Maris da Afrilu na Abuja. Ka kunna AC, ka shiga cunkoson Nyanya da yamma, ka zuba wa allurar zafi ido. In tana hawa, a duba lagireto, fanka, da ko an cire tamostat kamar yadda makanikanmu suka saba yi. A tabbatar kuma allurar tana faɗin gaskiya, domin in ba a haɗa na'urar auna zafi ta Marsandi da sabon injin ba, tana iya zama wuri ɗaya inji yana tafasa.

Na biyu wayoyi. In ka ga wayoyi masu launi ɗaya an murɗe su da hannu an naɗe da salatif, burenbos, wato kwamfutar inji, yana lilo a ƙarƙashin dashbod, to kira mai waya na ƙwarai ya sake ɗaure su, ya sa fis inda ya kamata, ya kafe burenbos inda ruwa ba ya kaiwa. Wannan kuɗi ne da ke dawowa. In injin 104 ne na farkon shekarun 1990, a duba rigar wayoyin injin da kyau, domin robar da aka yi amfani da ita a lokacin tana marmashewa da zafi da tsufa, wayoyi su riƙa haɗuwa.

Na uku kujerun inji da sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa tayoyin baya. Injin da ba na gida ba sai an ƙera masa wurin zama, kuma sau da yawa sai an yanke sandar an sake walda. In ba a daidaita ta ba, mota za ta riƙa rawa daga wani gudu zuwa sama. Hau titin filin jirgi ko na Kubwa da safe ka ji da jikinka. Ka sa a ɗaga ta a rami ka kalli waldar, ka kalli tazarar tukunyar baƙin mai da ƙasa, saboda tudun rage gudu na unguwanni.

Sai ƙananan abubuwa da ke ba da labari mai yawa: allurar gudu, allurar juyin inji, da ta ƙarfin baƙin mai. Allurar juyin inji da aka yi wa silinda shida ba ta karanta V8 daidai sai an gyara mata saƙo. Tsofaffin Marsandi kuma da iska suke sarrafa abubuwa da dama, ta ƴan siraran bututai, har da ƙofofin da ke juya iskar AC. In an bar bututan a cire lokacin canjin inji, za ka ga sanyi yana fita ta wuri ɗaya kawai. Gyaransu ba ya da tsada.

Akwai wani canji da ake yawan yi ko da ba a taɓa injin ba: cire na'urar feshin mai ta asali, KE-Jetronic, a ɗora kabireta, saboda masu iya gyaran ta asalin sun yi ƙaranci. In an yi wa taka haka, shi ma canji ne, ka faɗe shi.

Fenti gaba ɗaya kuwa, ban ba ka shawara ba sai in bodin ya lalace ƙwarai. Sabon fenti a kan tsohuwar mota yana sa mai saye zargin an rufe tsatsa da foti. Fentin kamfani da ya koɗe kaɗan ya fi daraja wurin masu sani. A wanke, a goge, a tsabtace kushin, a bar tsatsar da ke ƙarƙashin batir da wuraren ɗora jak a fili ko a gyara ta gyara na gaske. Inji ma kada a wanke shi ranar da mai saye zai zo, bari ya ga inda yake tsatsafar mai da inda ba ya yi.

Wa zai saya, kuma nawa

Masu neman irin wannan mota ba ɗaya ba ne, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi wa kowa magana iri ɗaya. Akwai mai son asali, wanda yake neman Concord irin ta mahaifinsa, komai na kamfani. Wannan da ya ga tambarin Toyota a ɗakin inji zai rufe bonet ya yi godiya, kuma yana da gaskiyarsa. Kada ka ɓata lokacinsa da naka, sai fa in tsohon injin yana nan ka haɗa masa. Akwai kuma mai son ya hau tsohuwar Marsandi kullum ba tare da ya zama ɗan gidan makanike ba. A wurinsa injin Toyota riba ce, domin kayansa suna ko'ina kuma kowane gari akwai mai gyaransa. Shi ne mutuminka. Sai matasa masu son ƙarfi da wasan mota, waɗanda 1UZ da 2JZ suke nema tun farko, da kuma masu saye don su farke su sayar da kaya, waɗanda tayinsu shi ne ƙasan kasuwa.

Wajen yanka kuɗi, manta da abin da ka kashe. Na san yana da ciwo, amma kuɗin inji da na aiki da na waya ba sa dawowa duka, kasuwa ba ta biyan wahalar mai mota. Ka duba abin da ake kira wa irinta a Jiji da Facebook, ka zaga wuraren sayar da motoci na Kugbo da bakin titin Kubwa ka ji, ka tuna cewa kuɗin da ake kira dabam, wanda ake sallamawa dabam. Ka tambayi mai sayar da kayan Marsandi nawa zai ba da in zai farke ta, wannan shi ne ƙasanka. Mai tsabta da injin asali ita ce samanka. Taka tana tsakani, kuma ingancin aiki da cikar takardu ne ke matsar da ita sama.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, tambayar farko ta kusan kowane mai saye ita ce shan mai. Kada ka ce "ba ta sha", V8 tana sha kuma kowa ya sani. Cika tanki, yi tafiyarka ta yau da kullum, sake cikawa, ka lissafa kilomita nawa lita ta kai ka. In allurar kilomita ba ta aiki, waya tana iya auna maka tafiyar. Amsa da lamba ta fi rantsuwa gamsarwa.

Talla da dillali

Maganar inji ta zo a layin farko na talla, kafin launi da kushin: samfuri da shekara, injin da ke ciki, giyabos, yaushe aka yi aikin, takardu sun cika har da ta canjin inji. Sannan abin da ba ya aiki. In kilomitan da ke dashbod na bodi ne ba na sabon inji ba, ko allurar ta tsaya shekaru, ka rubuta haka. Hotuna da hasken safe, kowane gefe, cikin mota, cikin but, ƙarƙashi, da ɗakin inji daga kusurwa biyu ko uku. Ƙara bidiyon tayar da ita da sanyin safiya, a ga abin da ke fita daga salansar motar. Rufe lambar mota a hoto, kuma kada ka aika wa kowa hoton takardunka ta WhatsApp kafin ku haɗu, da su ake damfarar wasu.

In za ka ba dillali, ka zaɓi ɗaya ko biyu da suka saba da tsofaffin motoci, ku yi maganar la'ada tun farko a gaban shaida. Ka gaya masa ƙarara cewa ba ka yarda ya ce wa kowa "injinta na asali ne" ba. Dillali yana karɓar la'adarsa ya wuce, kai ne sunanka ke kan takarda. A shari'ar ciniki ta Musulunci ma, aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da kaya, ban da nauyin da ke tsakaninka da Allah. Ainihin takardu su zauna a hannunka, kwafi kawai za ka ba shi.

Ranar dubawa

Ku haɗu da rana a wurin da jama'a suke, ka zo da wani naka. Bar injin da sanyinsa har ya iso, ya taɓa da hannunsa ya tayar da kansa. In ya ce zai zo da makanikensa, ka ce bismillah, in ma da hali ka haɗa shi da wanda ya yi aikin canjin su yi magana. Wajen gwaji kana cikin motar, kuma ku bi hanyar da za ta nuna gaskiya: ɗan cunkoso, ɗan fili, da hawa irin na Kugbo zuwa AYA.

Za a kushe ta, al'adar ciniki ce. Wani zai ce, "Alhaji, ai wannan ba Marsandi ba ce kuma, Toyota ce da rigar Marsandi." Ba sai ka yi fushi ba. Ka ce masa, "Haka ne, ranka ya daɗe, shi ya sa na rubuta a talla. Ga rasit ɗin inji, ga takardar VIO, ga lambar ka duba da kanka." Abin da ka riga ka faɗa da bakinka ba ya zama makamin rage kuɗi a hannun wani. In tayi ya yi ƙasa, "albarka" ta wadatar. Mai son irin wannan mota yakan tafi ya kwana biyu ya dawo.

Kuɗi da miƙa makulli

In ya ba da kafin alƙalami, a rubuta nawa ne, zuwa yaushe zai cika, da abin da zai faru in ya fasa. Ranar cikawa, kada ka dogara da saƙon alat ko hoton rasit ɗin tiransifa. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin a cikin asusu, ko ku je banki tare a lokacin aiki. Kuɗin ya fito daga asusu mai sunan wanda zai sa hannu a takarda. Ka guji cinikin yammacin Juma'a da ake cewa kuɗi zai shigo Litinin a tafi da mota yau.

Takardar ciniki ta ƙunshi sunayenku da adireshi, lambar shasi, lambar injin da ke ciki yanzu, lambar tsohon injin da ke tsofaffin takardu, da jimla a fili cewa mai saye ya san an canza inji, ya duba, ya yarda. A lissafa matsalolin da ka faɗa masa, a sa kwanan wata da lokacin da aka miƙa mota, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi da hoton katin shaidar ɗan'uwansa. Ka haɗa masa da duk abin da ka tara: rasit, takardar rantsuwa, makulli na biyu, da takardar nan da ka rubuta bayanin inji. Ƙara masa a ciki irin baƙin man da kake sa mata, lambar filta da fulogi, da lokacin da aka canza bel ɗin tayimin in 1UZ ce ko 2JZ, domin in ya je shago ya ce kayan V-boot yake so, ba za su shiga injinsa ba.

Lambar motar tana ɗaure da sunanka a rajistar hukuma har sai an yi canjin mallaka. Duk abin da aka yi da motar kafin nan, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Ku sa ranar zuwa ofishin lasisi a cikin takardar cinikin, in da hali ku je tare a makon, kuma ka sanar da kamfanin inshorarka cewa motar ta bar hannunka.